Bauta da Tambayar Asali a Ƙasar Arewa

A ƙasar Arewa ta Nijar, daga Dogondutsi zuwa Tibiri, ko masu 'yanci ba matsayinsu ɗaya ba a da: Gubawa ke riƙe da ƙasa da tsafinta, Arawa ke riƙe da sarauta, bayi kuwa na ƙarƙashin kowa. Wasu kan ce bautar ƙasarmu ba ta kai ta Amurka ba, inda a 1860 bayi suka kusan miliyan 4, akasari a jihohin Kudu. Gaskiya ne, yawan ya bambanta, amma tabon bai gushe ba. Faransa ta haramta cinikin bayi a wannan yanki a 1905, Nijar sai a 2003 ta mai da bautarwa laifi, har yau kuwa wasu gidaje na tonon asali kafin su ba da aure. Iyaye, a daina wannan tambaya.