Sadaka ko Haƙƙi? Tallafin Ƙungiyoyin Agaji ga Sojojin Ruwan Birtaniya Masu Bambancin Aikin Ƙwaƙwalwa da Iyalansu

Gabatarwa

Tun ƙarshen shekarun 1990 wata fahimta ta fara yaɗuwa a ƙasashen Yamma, wadda ake dangantawa da Judy Singer, masaniyar zamantakewa 'yar Ostareliya. Jigon fahimtar shi ne ƙwaƙwalen 'yan Adam ba su aiki bisa tsari guda, kuma wasu larurorin da ake ɗauka cuta ne zalla sun fi kama da saɓanin halitta. Daga cikinsu akwai otizim, wanda kafafen labarai kan kira galahanga duk da cewa kalmar ta fi shi faɗi, da disleksiya mai wahalar da karatu da rubutu, da ADHD mai hana tattara hankali wuri guda. Wannan maƙala za ta duba yadda ƙungiyoyin agaji a Birtaniya ke tallafa wa irin waɗannan mutane a rundunar sojan ruwa, tare da mas'alar da ke ƙarƙashin aikin: wane ɓangare ne sadaka, wane ne kuma haƙƙi?

Inda Matsalar Take

Yaro mai otizim galibi yana samun natsuwa ne da dawwamar al'amura a kan hali guda: malami ɗaya, hanya ɗaya, lokacin barci ɗaya. Aikin sojan ruwa kuwa an gina shi a kan ƙaura da rabuwa. Manyan sansanonin rundunar uku ne: Portsmouth da Devonport a kudancin Ingila, sai Clyde a Sikotland. Mahaifi kan yi watanni a teku. Wanda ke cikin jirgin ƙarƙashin ruwa mai sintirin nukiliya, sintirin da Birtaniya ba ta katse ba tun 1969, gajeren saƙo kawai yake karɓa daga gida, kuma ba a ba shi damar mayar da amsa.

Ƙaura tana da nata nauyin. A Ingila, dokar yara da iyalai ta 2014 ta tanadi takardar shiri da ke fayyace abin da yaro mai buƙata ta musamman zai samu na ilimi da lafiya da kulawa, kuma wa'adin kammala ta mako 20 ne. Sikotland tana da dokarta daban, ta 2004, wadda ba ta aiki da waccan takarda. Iyalin da aka mayar daga Portsmouth zuwa Clyde sai su sake gabatar da ɗansu ga wata hukuma da wasu ƙa'idoji. Wanda ke jiran ganin likitan da zai tantance larurar kuma yana iya rasa gurbinsa a layi.

Shi kansa sojan yana da tasa damuwar. Dokar daidaito ta 2010, wadda ta hana wariya a wurin aiki saboda naƙasa, ta keɓe aikin soja daga wannan tanadi. Don haka sauƙin da ake yi wa soja mai disleksiya ko ADHD ya dogara ne ga manufofin rundunar, kuma wasu kan ɓoye halinsu don tsoron ya taɓa ƙarin girmansu.

Ƙungiyoyin da Ayyukansu

Agajin sojan ruwa tsoho ne a ƙasar. A 1694 aka kafa Greenwich Hospital da umarnin Sarki William da Sarauniya Mary domin tsofaffin ma'aikatan jiragen yaƙi. An daina kwantar da su a ginin a 1869, amma dukiyar tana nan, ana ciyar da ribar gidajenta da filayenta ga sojojin ruwa da iyalansu. Ɗalibin fiƙihu zai ga kamanninsa da waƙafi: an tsare asali, ana raba amfani. A 1885 Manjo James Gildea ya kafa ƙungiyar da yau ake kira SSAFA, wadda ke da dandali na iyalan sojoji masu ɗa ko babba mai buƙata ta musamman. A 2007 aka kafa Royal Navy and Royal Marines Charity, babbar ƙungiyar agajin rundunar, wadda ke tara kuɗi ta rarraba wa ƙananan ƙungiyoyi. Akwai kuma Naval Children's Charity, mai kula da 'ya'yan sojojin ruwa.

Tallafin yakan zo ta fuska huɗu: kuɗin kayan aiki da na jinya, jagora wajen cika takardu da tsayawa gaban hukumomin ilimi, ɗan hutu ga uwar da ke ɗauke da gida ita kaɗai, da haɗa iyalai masu hali iri ɗaya. Amfanin wannan na ƙarshe a fili yake, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Mahangar Fiƙihu

Abu biyu ne suka shafi mai nazarin Shari'a a nan. Na farko shi ne ahaliyya. Malaman usulu sun lissafa hauka da ataha cikin abubuwan da ke kawar da cancantar ɗaukar taklifi ko su rage ta. Kuskure ne a jefa duk mai otizim cikin waɗannan babuka. Disleksiya da ADHD ba su kawar da hankali, otizim kuma mataki-mataki ne: akwai mai buƙatar kulawa tsawon rayuwarsa, akwai injiniyan da ke gyara na'urorin jirgin yaƙi. Hukunci yana bin halin mutumin da aka bincika, ba sunan larurar ba.

Na biyu shi ne bambanci tsakanin tabarru'i da wajibi. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya kafa diwani ya yanka wa mayaƙa da iyalansu rabo daga baitulmali, an kuma ruwaito cewa ya iyakance watannin da soja zai yi nesa da matarsa. Ma'anar wannan ita ce cutarwar da aikin hukuma ya jawo, hukuma ce ke da alhakin gusar da ita. Birtaniya ta amince da kwatankwacin wannan ƙa'ida a alkawarin da ta wallafa a 2011, cewa kada soja da iyalinsa su cutu saboda hidimarsu. Dokar sojoji ta 2021 kuma ta wajabta wa hukumomin lafiya da ilimi da gidaje su yi la'akari da alkawarin. Sai dai wajabcin yin la'akari bai kai wajabcin biyan buƙata ba, kuma a wannan giɓin ne ƙungiyoyin agaji ke aiki.

Kammalawa

Sadaka tana da saurin da hukuma ba ta da shi, tana kuma isa inda doka ba ta hango ba. Rauninta shi ne tana ƙaruwa tana raguwa gwargwadon abin da masu bayarwa suka bayar, kuma wanda aka hana ba shi da kotun da zai kai ƙara. Gurbin karatun yaro da ganin likitansa haƙƙi ne a wuyan wanda ya tura mahaifinsa teku. Mafi ingancin aikin ƙungiyoyin shi ne su rufa wa iyali asiri a yau, su kuma riƙa tattara koke-kokensu suna kai wa hukuma har ta sauke nauyin da ke kanta. Allah ne Mafi sani.