Keɓaɓɓun Kalmomin Taurarawa da Hasken Bayan-shunayya: Wasu Shawarwari

1.0 Gabatarwa

Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi, wanda aka buga a Ibadan a 1990, ya share wa manazarta harshe da adabi hawaye. Fannin masana'antu kuwa yana buƙatar irin wannan aiki. Wannan maƙala za ta dubi fasahar da madaba'u da masu fentin katako ke amfani da ita, inda ake shafa tawada ko fenti mai ruwa-ruwa, a haska masa wani haske da ido ba ya gani, ya taurare cikin daƙiƙoƙi.

2.0 Sunan Hasken

Johann Ritter, Bajamushe, shi ya gano hasken a 1801, a gaba da launin shunayya, wato inda bakan gizo ya ƙare. Tsawon zangonsa daga nanomita 100 ne zuwa 400. Ana iya aron sunan a ce "altarabayolet", amma kalmar na da nauyi a baka, kuma ba ta bayyana komai. "Hasken bayan-shunayya" ya fi, domin ya faɗi inda hasken yake.

3.0 Sunan Aikin

Nan ne gizo ke saƙa. Kalmar Ingilishi "curing" na iya jan mai fassara ya ce "warkarwa", alhali babu marar lafiya a maganar. "Busarwa" ma kuskure ne, ko da yake ya fi ɓuya. Abu yana bushewa ne idan ruwan da ke cikinsa ya tashi ya bi iska. A nan kuwa kusan babu abin da ke fita. Ruwan ne da kansa ke zama tauri. "Daskarewa" ta kusa, sai dai man shanun da ya daskare yakan narke in ya ji wuta, wannan kuwa ba ya komawa. Magina kan ce siminti "ya kama", kuma a ganinmu wannan ce ma'ana mafi kusa, amma "kama" ta riga ta ɗauki kaya da yawa a Hausa. Don haka muka zaɓi "taurarawa".

Ba gardamar malamai kawai ba ce. Ma'aikacin da aka gaya wa "busarwa" zai ɗauka takardar da ta fito da danƙo za ta ƙarasa idan an shanya ta cikin ɗaki. Ba za ta ƙarasa ba, kuma ɗanyen sinadarin akirilet yana iya jawo ƙaiƙayi da borin fata.

4.0 Sinadarai da Na'ura

A cikin tawadar akwai ƙananan ƙwayoyi da ke haɗuwa su yi dogon jeri. Muna ba da shawarar "zobe" ga monoma, "guntuwar sarƙa" ga oligoma, "sarƙa" ga folima. Idan sarƙoƙin suka ɗaure da juna ta ko'ina, an yi "saƙar raga", kuma ita ce ke hana narkewa. Sinadarin da ke shan hasken ya tayar da aikin, kamar benzofinon, mun kira shi "ƙyastun haske": ƙyastu ba itace ba ne, tartsatsi kawai yake bayarwa. Iskar oksijin kan kashe tartsatsin a saman fenti, shi ya sa wasu na'urori ke lulluɓe shi da naitirojin.

Tsohuwar fitilar ta tururin zaiba ce, kuma abin mamaki ne a ari "makiri" alhali "zaiba" tana nan tun zamanin cuɗanya da Larabci. Fitilun LED, masu zangon nanomita 365 zuwa 405, suna maye gurbinta a wurare da dama. Sunan kwano mai sheƙi da ke tattara hasken "madubi" ya isa.

Ma'auni biyu ne dole a raba. "Ƙarfin haske" ana auna shi da miliwat a kan murabba'in santimita. "Rabon haske", wato jimlar abin da ya sauka, da milijul. Idan an ƙara gudun bel ɗin da ke jan takarda, ƙarfin yana nan, rabon ne ke raguwa.