Jarumi, Mai Magani ko Maharbi: A Wane Rukuni Za Mu Sa Mutum?

A bana wani wasa ya shigo ajinmu ta hanyar wayoyin yayyenmu: a ɗauki mutum, a ce da a ce yana cikin wasan waya, wane irin gwarzo zai zama? Da farko dariya muka riƙa yi, daga baya abin ya so ya ɓata zumunci. Shi ya sa na ga ya dace in bayyana inda wasan ya samo asali, da amfaninsa, da inda yake kuskure.

Asalinsa daga Amurka ne. A 1974 wasu mutum biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wasa mai suna Dungeons & Dragons. Ba waya, ba kwamfuta. Abokai ne ke zama da takarda da fensir da 'ya'yan ƙuri'a irin na lido, akwai ma mai fuska ashirin. Mutum ɗaya yana ba da labari kamar mai tatsuniya, sauran kowa ya zaɓi gwarzon da zai zama. A bugun farko rukuni uku ne kawai: mayaƙi, matsafi, da limami mai warkarwa. A 1975 aka ƙara ɓarawo, mai sanɗa da buɗe kwado. Bugun 2014 ya zo da rukuni 12, har da maharbi da mawaƙi. Daga nan wasannin kwamfuta suka ara, kamar Final Fantasy na ƙasar Japan da ya fito a 1987. Ko Free Fire da samari ke bugawa a gindin rumfa ta taɓa saka Cristiano Ronaldo a 2020 da sunan Chrono.

Dabarar ita ce, kowane rukuni yana da abin da ya iya da abin da ya gaza. Mayaƙi yana shan duka amma ba ya warkar da kansa. Mai magani yana ɗaga wanda ya faɗi amma ba ya iya tsayawa a sahun gaba. Maharbi ya san hanya da sawu. Idan duka 'yan tawaga suka zaɓi mayaƙi, ba za su yi nisa ba. Mu ma wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, don a fadar sarakunan Hausa akwai sarkin yaƙi, sarkin baka, sarkin wanzamai, sarkin makaɗa, a bakin kogi kuma ga sarkin ruwa. Kowa da aikinsa.

To bari mu gwada da mutanen da muka karanta tarihinsu. Amma mun yi sharaɗi a aji, bisa shawarar malaminmu: Annabawa da Sahabbai sun fi ƙarfin wasa, ba a saka su. Rukunin matsafi kuma ba ma jingina shi ga kowa, don sihiri ba abin ado ba ne a addininmu.

Muhammadu Kanta na Kabi, wanda ya gina Surame a ƙarni na 16, kowa ya ce mayaƙi, ba gardama. Ibn Battuta, da ya ratsa Sahara ya iso Mali a 1352 ya bi ta Gawo a bakin wannan kogin namu, muka ce shi ne matafiyi masanin hanya. Ibn Sina, mai littafin Alƙanun na likitanci wanda ya rasu a 1037, muka ba shi mai magani.

Da muka zo kan mutanen Sakkwato da Gwandu sai lissafi ya rikice. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo shi ya jagoranci runduna a Tabkin Kwatto a 1804, to mayaƙi ne ke nan. Amma shi ne ya rubuta tafsirin Liya'ut Ta'wili, ga waƙoƙinsa na Larabci a Tazyinul Waraƙati. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi yaƙi, ya yi mulki har 1837, ya rubuta tarihi a Infaƙul Maisuri, ya kuma yi rubuce-rubuce a kan magani. Nana Asma'u, da ta rasu a 1864, ta yi waƙa da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta kuma kafa 'yan taru, inda jajoji ke kai karatu ga matan ƙauye. Wane akwati ɗaya ne zai ɗauke ta? Ko masu wasan sun gane haka, shi ya sa dokarsu ta yarda gwarzo ya haɗa rukuni biyu ko fiye.

Ga kuma abin da ya faru da mu. Akwai wani ɗan ajinmu siriri, ba ya surutu, yana shigowa ba a ji motsinsa. Wani ya ce ai shi ɓarawo ne na wasa, muka fashe da dariya, har da ni. A cikin wasa wannan yabo ne na zafin nama. Amma suna ya fita daga aji ya bi shi har kasuwa, inda yake taya mahaifinsa sayar da albasa. Ku duba fa, a kasuwar Malanville, inda baƙi ke zuwa daga Gaya da Kamba da Kandi, wa zai tsaya tambayar wane wasa ake nufi? Kwana uku bai zo makaranta ba. Malam ya tara mu ya karanta mana aya ta 11 ta Suratul Hujurati, wadda ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabi. Muka je gidansu muka ba shi haƙuri, Allah ya sa ya yafe.

Ban ce a daina wasan gaba ɗaya ba, don ya sa wasunmu sun buɗe littafin tarihi domin kare hujjarsu. Ya kuma sa mun lura cewa aji yana buƙatar mai hadda, da mai rubutu mai kyau, da mai sasanta faɗa, da wanda ke fara ɗaukar tsintsiya. Sharuɗɗan da muka amince da su uku ne: a tambayi mutum kafin a sa masa suna, a zaɓi sunan da zai ji daɗinsa a gaban mahaifiyarsa, a kuma tuna cewa wanda aka kira maharbi bana yana iya zama malami baɗi.