Baturen da Ya Zo Gyaran Tukwane

Duk wanda ya taɓa shan ruwan randa da bazara a Yelwan Yawuri, ko a Wara, ko a Shanga, ya san ya fi ruwan bokiti sanyi nesa ba kusa ba. Dalili kuwa, jikin randa yana da 'yan ƙananan kafofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwa yakan tsattsafo ta cikinsu kaɗan kaɗan, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin. Akwai wani Bature, wai shi Michael Cardew, wanda aka ɗauko don ya gyara irin waɗannan tukwane na ƙasar nan, amma da ya gan su sai ya ƙi.

An haife shi a Ingila cikin shekarar 1901. Tun yana yaro yake sha'awar tukwanen da wani tsohon magini ke yi a ƙauye. Ya yi karatu mai zurfi a Jami'ar Oxford, amma zuciyarsa na wurin yumɓu. Cikin 1923 ya tafi wurin wani shahararren magini, Bernard Leach, ya zama yaronsa har shekara uku, sa'an nan ya kafa wurin aiki na kansa. Cikin 1942 ya zo Afirka, ya yi shekaru a Gwalkwas, watau Gana ta yanzu, inda ya sha wahala ƙwarai, ga ciwo, ga tukwane na ta lalacewa a wuta.

A shekarar 1950 gwamnatin Nijeriya ta ba shi aikin kula da ginin tukwane. Ya zaga garuruwan Arewa yana duban aikin magina, galibinsu mata. Ba su da inji, ba su da tanderu. Da hannu suke ɗora yumɓu bisa yumɓu, sa'an nan su tara tukwanen a fili su gasa da itace da ciyawa. Mamaki ya kama shi, gama ya ga tukwanen ba su da nauyi, ga kyau, ga araha, kuma suna zama bisa murhu wuta na ci ba su fashe ba. Irin nasa kuwa na Turai, in an aza su kan wuta sai su tsage. Saboda haka ya shaida wa gwamnati cewa wannan sana'a ba ta bukatar gyara, a bar ta yadda take. Abin da zai koyar, sai abin da babu: farantai da kofuna da butocin shayi na tangaran, waɗanda a lokacin daga ƙasashen waje ake sayo su.

Ya zaɓi garin Abuja ta dā, wadda ake kira Suleja yanzu, a jihar Neja, domin akwai yumɓu da itace da ruwa. Nan ya kafa makarantarsa. Ɗalibai suka koyi gini bisa wani faifai mai juyawa da ake turawa da ƙafa. Suka koyi haɗa toka da garin dutse da laka su shafe kwano da shi, su sa a tanderu mai zafin da ya wuce digiri 1,200. In an fitar, sai ka ga kwanon na ƙyalli kamar gilashi.

To, a fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga waɗansu manyan tuluna da suka ɗauke masa hankali. Ya tambaya, aka ce aikin wata Bagwariya ce, Ladi, mutuniyar Kwali. Cikin 1954 ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko. Ta koyi aiki da faifan nan, amma ba ta bar ginin hannu irin na iyayenta ba. Takan zana kunama da ƙadangare da kifi da hawainiya a jikin tulu, sa'an nan a shafe shi a gasa a tanderu.

Sai dai tulun da aka yi wa haka ya tashi daga aikin tulu. Kafofin jikinsa sun toshe, ba ya sanyaya ruwa, ga shi da nauyi, ba mai iya ɗaukarsa zuwa rafi. Ya zama kayan ado, kuma matan ƙauye ba su da kuɗin sayensa. Aka riƙa kai irinsu Landan, inda masu kuɗi ke rububinsu. Cikin 1962 Ladi ta tafi Ingila ta yi gini a gaban jama'a, Turawa suka taru suna kallon hannunta.

Cardew ya bar aiki a 1965, ya koma gida ya rubuta littafi a kan abin da ya koya. Cikin 1972 suka zaga Amurka tare da Ladi, kuma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa. Ya rasu a 1983, ita kuma a 1984. Wanda ya juya bayan takardar naira 20 zai ga hoton Ladi Kwali tana gini.