BABI NA HUƊU: SAITA GANUWAR TSARO DOMIN WUCEWAR BUTUTUN SIRRI

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda kwamfutoci ke aika wa juna saƙonni ta intanet, da irin haɗarin da saƙo ke fuskanta a kan hanya. A wannan babi kuwa za a dubi yadda ake saita ganuwar tsaro ta uwar garke domin ta bar saƙonnin bututun sirri su wuce, ba tare da an bar gida a buɗe ba. Abin da babin zai nuna shi ne, ganuwa tana ganin saƙon bututu sau biyu, da farko yana ƙunshe, daga baya kuma bayan an kwance shi, kuma kowane gani yana da dokar da ta dace da shi. An ɗauki misalai daga kwamfuta mai aiki da Linux, da manhajar iptables, da kuma bututun WireGuard.

4.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Uwar garke ita ce kwamfutar da ke zaune a kunne dare da rana tana yi wa sauran kwamfutoci hidima. Saƙon da ke zuwa gare ta ba ya zuwa a dunƙule. Ana yanyanka shi ne ƙanana-ƙanana, kowane yanki a sa masa adireshin mai aikowa da na mai karɓa. Wannan yanki shi ake kira ƙunshi a wannan nazari. Baya ga adireshi, ƙunshi yakan ɗauki lambar ƙofa, wadda ke nuna hidimar da yake nema. Lambobin ƙofofin sun fara daga 0 zuwa 65535. Alal misali, ƙofa ta 22 ita ce ta SSH, wadda mai kula da uwar garke ke bi ya ba ta umarni daga nesa, ƙofa ta 443 kuwa ta shafukan intanet masu tsaro ce.

Ganuwar tsaro manhaja ce mai tace ƙunshi. An zaɓi wannan suna ne saboda aikinta ya yi kama da na ganuwar birni a ƙasar Hausa, inda ba a shiga sai ta ƙofa, kuma kowace ƙofa tana da sarkin ƙofa mai lura da shige da fice. Shi kuwa bututun sirri, wanda aka fi sani da VPN, hanya ce da kwamfutoci biyu ke shatawa a tsakaninsu ta cikin intanet. Mai aikawa zai juya ƙunshinsa ya koma kamar zaurance, wanda ba mai fahimtarsa sai mai mabuɗi, sannan ya sa shi a cikin wani sabon ƙunshi ya aika. Ke nan abin da ke tafiya a kan hanya ƙunshi ne a cikin ƙunshi.

4.2 Yadda Ganuwa Ke Yanke Hukunci

A Linux, sashen da ke tace ƙunshi shi ne netfilter, wanda Rusty Russell ya fara aikinsa a 1998. Manhajar iptables, wadda ake rubuta dokoki da ita, ta zo tare da Linux 2.4 a 2001. A 2014 an shigo da nftables domin ta gaje ta, amma har yanzu ana iya rubuta dokoki da salon iptables a yawancin kwamfutocin Linux, kuma hikimar aikin ɗaya ce.

Dokokin ganuwa an tsara su ne a jere, kuma jeri uku ne suka fi muhimmanci. Jerin INPUT yana duba ƙunshin da ya zo domin ita uwar garken kanta. Jerin OUTPUT yana duba wanda ya fito daga gare ta. Jerin FORWARD kuwa yana duba ƙunshin da ya biyo ta kanta kawai, alhali wani wuri ya nufa. Idan ƙunshi ya iso, ganuwa takan karanta dokokin daga sama zuwa ƙasa, kuma dokar farko da ta dace da shi ita ke yanke hukunci, ko a karɓa ko a yar. In babu dokar da ta dace, sai a koma ga hukuncin asali na jerin. Masu kula da tsaro sukan sa hukuncin asali na INPUT da FORWARD ya zama a yar, wato duk abin da ba a ambata ba haramtacce ne.

4.3 Ƙofofin Ire-iren Bututu

Kafin a rubuta doka, wajibi ne a san irin bututun da ake aiki da shi, domin kowanne da hanyarsa. Akwai manyan tsare-tsaren jigilar ƙunshi guda biyu, wato TCP da UDP. TCP yana jiran tabbacin isar kowane ƙunshi, UDP kuwa yana aikawa ne ba jira. Dokar da ta buɗe ƙofa a TCP ba ta buɗe ta a UDP ba, ko da lambar ɗaya ce.

OpenVPN, wanda James Yonan ya fitar a 2001, yana amfani da ƙofa ta 1194 a UDP, ko da yake ana iya mayar da shi kan TCP. IPsec yana buƙatar ƙofa ta 500 a UDP domin musayar mabuɗai, da ta 4500 idan akwai na'urar sauya adireshi a kan hanya, sannan da tsarin ESP mai lamba 50, wanda shi ba ƙofa ba ne, tsari ne mai zaman kansa. WireGuard, wanda Jason Donenfeld ya ƙirƙira, aka kuma shigar da shi cikin Linux 5.6 a 2020, ba ya aiki sai da UDP, kuma an saba ba shi ƙofa ta 51820. Tsohon bututun PPTP yana bin ƙofa ta 1723 a TCP, amma an daɗe da gano rauninsa, don haka bai kamata a buɗe masa ƙofa ba.

4.4 Mataki na Farko: Shigar Ƙunshi Yana Rufe

A ɗauka wata ma'aikata tana da uwar garke a hedikwata, ma'aikatan rassanta kuma suna son shiga daga nesa. Uwar garken tana da mahaɗa mai suna eth0, wadda ta haɗa ta da waje. Idan aka kunna WireGuard, sai wata mahaɗa ta biyu ta bayyana mai suna wg0, wadda ba waya ba ce, bakin bututun ne a cikin kwamfutar. Ƙunshin ma'aikaci zai fara isowa ta eth0 yana rufe, kuma adireshin da ke bayansa na uwar garken ne. Saboda haka jerin INPUT ne zai fara duba shi. Dokar da ake buƙata ita ce:

iptables -A INPUT -p udp --dport 51820 -j ACCEPT

Ma'anarta ita ce, a karɓi duk ƙunshin UDP da ya nufi ƙofa ta 51820. A wannan mataki ganuwa ba ta san abin da ke ciki ba, tantance mai aikowa aikin WireGuard ne. Shi kuwa ba ya amsa wa duk wanda bai zo da mabuɗin da ya sani ba, ta yadda mai laluben ƙofofi daga waje ba zai ji motsin kowa ba.

4.5 Mataki na Biyu: Wucewar Ƙunshi Bayan an Kwance Shi

Da zarar WireGuard ya kwance ƙunshin waje, sai na ciki ya fito ta wg0 tamkar sabon baƙo, ganuwa kuma ta sake duba shi. A nan ne da yawa ke tuntuɓe, domin za a ga bututu ya haɗu, amma ba a iya kai wa ga komai. Dalili shi ne, ƙunshin ciki yawanci wata kwamfuta ya nufa, don haka jerin FORWARD ne ke da hukunci a kansa. Bugu da ƙari, Linux bisa asali ba ya miƙa ƙunshi daga wata mahaɗa zuwa wata, sai an ba shi izini ta hanyar mayar da net.ipv4.ip_forward zuwa 1. Bayan haka sai a rubuta dokoki biyu:

iptables -A FORWARD -i wg0 -o eth0 -j ACCEPT

iptables -A FORWARD -i eth0 -o wg0 -m conntrack --ctstate RELATED,ESTABLISHED -j ACCEPT

Ta farko ta bar abin da ya fito daga bututu ya wuce. Ta biyu ta bar amsa ta dawo, amma amsar abin da aka riga aka tambaya kawai, domin ganuwa tana riƙe da lissafin duk maganar da aka fara. Wanda ke waje ba zai iya fara magana da na cikin bututu ba.

Sai dai dokar farko tana da faɗi ƙwarai, domin ta ba duk mai mabuɗi damar zuwa ko'ina. Abin da ya fi dacewa shi ne a taƙaita ta, a ambaci adireshin kwamfutar da ake son a kai gare ta da ƙofar da ake bukata. Ma'aikacin da aikinsa duba kundin albashi ne ba shi da dalilin isa ga sauran kwamfutocin ma'aikata. Abin da ya faru a Amurka a watan Mayu na 2021 ya isa misali, lokacin da ɓarayin intanet suka shiga kamfanin Colonial Pipeline ta wani tsohon asusun VPN da kalmar sirrinsa ta fita, har kamfanin ya dakatar da tura man fetur na kwanaki. Bututu yana kare saƙo a kan hanya, amma ba ya tantance niyyar mai riƙe da mabuɗi. Iyakance inda zai iya zuwa aikin ganuwa ne.

4.6 Mataki na Uku: Hanyar Dawowar Amsa

Kwamfutocin da ke cikin bututu ana ba su adireshi ne na cikin gida, kamar waɗanda suka fara da 10, waɗanda aka keɓe domin amfanin cikin gida, ba a kuma san su a intanet ba. Idan ƙunshi ya fita da adireshin 10.8.0.2, wanda ya karɓa ba zai san inda zai mayar da amsa ba. Maganin wannan shi ne uwar garke ta cire adireshin ta sa nata, in amsa ta zo kuma ta mayar wa mai ita. Dokar ita ce:

iptables -t nat -A POSTROUTING -s 10.8.0.0/24 -o eth0 -j MASQUERADE

Wajibi ne sunan mahaɗar ya yi daidai da na kwamfutar, domin a wasu kwamfutocin sunan ba eth0 ba ne, yakan zama kamar ens3. Idan aka rubuta sunan da babu shi, iptables zai karɓi dokar bai ce komai ba, amma ba za ta yi aiki ba.

4.7 Kurakuran da Aka Fi Yi

Kuskure na farko shi ne na jeri. Harafin A a cikin umarni yana sa doka ne a ƙarshen jeri. In akwai dokar yarwa a sama, sabuwar ba za ta taɓa samun ƙunshi ba, sai an yi amfani da harafin I a sa ta a gaba. Na biyu shi ne rufe wa kai ƙofa. Wanda ya mayar da hukuncin asali na INPUT ya zama a yar, alhali bai riga ya buɗe ƙofa ta 22 ba, to ya katse igiyar da yake riƙe da ita, kuma in uwar garken tana wani gari, sai an je gabanta ko an nemi taimakon masu masaukinta. Na uku shi ne mantuwa da adanawa, domin dokokin iptables suna gushewa idan aka kashe kwamfuta aka kunna, sai an adana su da iptables-save an kuma shirya yadda za a dawo da su. Na huɗu shi ne sakaci da adireshin IPv6, wanda ke da nasa dokoki daban a ip6tables. Na biyar kuwa, kamfanonin da ke ba da hayar uwar garke sukan sa tasu ganuwar a gaba, wadda ita ma sai an buɗe ƙofar a cikinta.

Wajen gano inda matsala take, ana bin matakan ne a jere. Umarnin wg show yana nuna lokacin da ɓangarorin biyu suka yi musabaha ta ƙarshe. In ba a yi ba, matsalar tana mataki na farko. In an yi, kuma ana iya kai wa ga uwar garke amma ba a wuce ta, sai a dubi mataki na biyu da na uku. Haka kuma iptables yana ƙirga ƙunshin da kowace doka ta kama, saboda haka dokar da lissafinta ya tsaya a sifili ita ce abar tuhuma.

4.8 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa buɗe ƙofar bututu kashi ɗaya ne cikin uku na aikin. Sai an bar ƙunshi ya shigo yana rufe, an ba shi izinin wucewa bayan an kwance shi, an kuma shirya masa hanyar dawowar amsa, sannan bututu zai yi amfani. An kuma ga cewa mataki na biyu shi ne inda tsaron ma'aikata ya rataya, domin a nan ne ake yanke iyakar inda mai mabuɗi zai kai. A babi na gaba za a dubi yadda ake ƙirƙirar mabuɗai da raba su, da yadda ake soke mabuɗin da ya faɗa hannun da bai dace ba.