Karkacewar Bangon Hanci da Raguwar Jin Ƙamshi: Abin da Ya Kamata Mai Juna Biyu Ta Sani

Uwargida, an saba jin masu ciki suna kukan cewa hancinsu ya yi ƙarfi, ƙamshin girki ko turare kaɗan sai ya tayar musu da zuciya. Amma akwai waɗanda nasu ya bambanta: hanci ya toshe, ƙamshi ya ragu, abinci ya zama salaf a baki. Sau da yawa idan likita ya duba, sai a tarar da ma can bangon da ke tsakiyar hancin a karkace yake, cikin ne kawai ya fito da matsalar fili.

Mene ne bangon hanci?

Idan kika taɓa tsakanin kafofin hancinki biyu, za ki ji wani shamaki da ya raba su. Gabansa guringuntsi ne, can ciki kuma ƙashi ne siriri. A wajen mafi yawan mutane wannan bango bai miƙe sosai ba, kuma ba ya damun su. Sai idan ya karkata da yawa har ya matse kafa ɗaya ne ake kiran sa matsala. Wasu da shi aka haife su, wasu kuma yana biyo bayan bugu a hanci, kamar faɗuwa lokacin yarinta ko haɗarin babur.

Yadda muke jin ƙamshi

Jijiyoyin da ke ɗaukar ƙamshi suna can saman hanci, a wani ɗan lungu da ke daidai tsakanin idanu biyu. Daga nan suke ratsa wasu ƙananan huji a ƙashin kai su isar da saƙo ga ƙwaƙwalwa. Kaɗan ne daga iskar da muke shaƙa ke hawa wannan lungu, sauran takan wuce ta ƙasa zuwa maƙogwaro. Shi ya sa idan kina so ki tabbatar ko madara ta lalace sai kin ja numfashi da ƙarfi.

Idan bango ya karkata, musamman ta sama, iska ba ta samun hanyar hawa lungun a ɓangaren da ya matse. Jijiyoyin suna nan lafiya, ƙamshin ne bai kai gare su ba. Yawanci mutum ba ya lura, domin ɗaya kafar tana cike gurbi. Sai ranar da ita ma ta kumbura saboda mura ko ƙurar hunturu, sannan ƙamshi ya ɓace.

Harshe kuwa abin da yake ganewa bai wuce zaƙi, gishiri, tsami, ɗaci da garɗin nama ba. Daɗin daddawa ko na yaji a miya ƙamshi ne da ke hawa hanci ta bayan maƙogwaro lokacin da kike tauna. Idan hanci ya toshe, abinci ma sai ya rasa daɗi.

Me ya haɗa shi da ciki?

Lokacin goyon ciki jinin jikin mace yakan ƙaru da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin 100, sinadaran jiki su ma su canja. Wannan yana sa fatar cikin hanci ta kumbura. Kusan mace 1 cikin 5 takan yi fama da toshewar hanci na makonni ba tare da mura ba, kuma yakan warware cikin mako 2 bayan haihuwa. Ciki ba ya karkata bangon hanci. Amma wadda hanyarta da ma matsattsiya ce, ɗan kumburi ya isa ya rufe ta.

Alamomin sun haɗa da toshewar da ta fi tsanani a kafa ɗaya kullum, minshari, kwana da baki buɗe da bushewar maƙogwaro da safe, yawan haɓo daga kafa ɗaya, da raguwar jin ƙamshi.

Haɗarin da ke ciki

Karkacewar ba ta taɓa abin da ke cikinki kai tsaye. Abin tsoro guda biyu ne. Na farko, wadda abinci ba ya yi mata daɗi takan rage ci, ko ta riƙa ƙara gishiri da sinadarin ɗanɗano, alhali jikinta da na ɗanta suna buƙatar abinci mai gina jiki. Na biyu, hanci mai gadi ne. Shi ke sanar da ke gas yana yoyo, ko wani abu na ƙonewa, ko miyar jiya ta lalace. Idan jin warinki ya ragu, ki sanar da maigida da mutanen gida. A riƙa duba tukunyar gas an rufe ta, kuma ki sa wani ya sansana kwantan abinci kafin ki ci.

Abin da za ki iya yi a gida

Ki zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwan da aka tafasa ya huce. Ki shaƙa kaɗan ki fyace a hankali, kamar yadda ake yi wajen alwala, sau 2 ko 3 a rana. Ki ɗaga kanki da ƙarin matashi, ki kwanta ta gefe. Ki nisanci hayaƙin itace, na taba, na maganin sauro da turaren wuta a rufaffen ɗaki, ki rufe hanci idan ƙura ta taso.

Idan kika yi haɓo, ki zauna ki sunkuyar da kai gaba, ki matse tattausan ɓangaren hancin na minti 10 zuwa 15 ba tare da saki ba. Kada ki ɗaga kai baya, domin jinin zai bi maƙogwaro.

Kada ki sayi maganin ɗigawa a hanci a kemis ba tare da izinin likita ba. Irin su Otrivin suna buɗe hanci nan take, amma idan aka wuce 'yan kwanaki ana amfani da su, hancin yakan ƙara toshewa fiye da da. Wasu magungunan mura na sha kuma suna ɗaga jini, ba su dace da mai ciki ba. Haka nan kada a cusa tafarnuwa, garin taba ko wani haɗi a hanci.

Batun tiyata

Magani ba ya miƙar da bangon da ya karkace, kumburi kawai yake ragewa. Gyaran sai da tiyata, wadda likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ke yi ta cikin kafar hanci ba tare da tabo a fuska ba. Ba a yin ta lokacin ciki. Akan jira a haihu kumburi ya sauka, kuma da yawa a lokacin sai a ga ba a buƙatar ta. Tiyatar takan gyara numfashi, wasu ƙamshi ma yakan ƙaru, amma ba kowa ba, domin akwai wasu dalilan: tsiro a hanci, ciwon kogunan iska na fuska, bugu a kai, ko ƙwayar cuta irin korona, wadda tun 2020 aka san tana ɗauke jin ƙamshi farat ɗaya.

Yaushe za ki zo asibiti?

Kada ki jira ranar awo idan haɓo ya wuce minti 20 bai tsaya ba, ko ƙamshi ya ɗauke kwatsam alhali hanci a buɗe yake, ko majina mai wari ko jini tana fita daga kafa ɗaya, ko akwai zazzaɓi da ciwon fuska. Idan maigida ya lura numfashinki yana tsayawa cikin barci, a faɗa mana, domin hakan yana da alaƙa da hawan jini. Ciwon kai mai tsanani tare da kumburin fuska ko ganin dishi-dishi kuwa, kada a ɗora wa hanci. A garzayo a auna jini nan take.

A awo na gaba, ki faɗa wa ungozoma duk canjin da kika ji a hancinki, ko da kina ganin ƙarami ne. Allah ya raba lafiya.