Injin ban-ruwa a kan taya huɗu

Duk wanda ya bi gaɓar Komadugu da rani, daga wajajen Maine-Soroa ya gangaro Diffa ya nufi Bosso, ƙara ɗaya zai riƙa ji tun hantsi har la'asar: ƙarar injin ban-ruwa a garkunan tattasai. Yawancinsu Honda GX160 ne, ko kwaikwayonsa na Sin da ake rubuta wa 168F a jiki. Ɗan ƙaramin inji ne mai fistin ɗaya, an buga masa lambar ƙarfin doki biyar da rabi, yana juyi 3,600 a minti idan an buɗe masa totur. Ruwan Komadugu kuwa da yashi yake tafe, shi ya sa famfon ke riga injin mutuwa. Yashi ya cinye fankar da ke tura ruwa, roba ta saki, manomi ya gaji da gyara ya sayi sabo, tsohon kuma a jefa shi lungun garaji alhali zuciyarsa na nan garau.

Ga kuma abin da ya faru a watan Fabrairun 2015. Bayan hare-haren Boko Haram a Bosso da Diffa, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, ta hana hawa babur a jihar Diffa, ta kuma hana cinikin tattasai da kifi, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar kuɗi. Sai a 2017 aka sassauta na tattasai. 'Yan kabu-kabu suka zauna, babura suka yi shekaru a jingine cikin zaure, wasu aka kwance su aka sayar ɗaiɗai. Sarƙa, farantin haƙora, birki, boris, duk suka yi arha a wurin masu gwangwan.

Ɗan ƙanwata yana koyon walda a wani garaji a Diffa, kuma a waya ya ga abin da ya hana shi barci: ƙaramar motar tsere mai kujera ɗaya, wadda Turawa ke kira go-kart. Asalinta ma ba daga masana'anta ta fito ba. Wani maƙerin motocin tsere mai suna Art Ingels ne ya haɗa ta farko a Kalifoniya a 1956, da bututun ƙarfe da rarar injin yankan ciyawa, kuma a kan irinta Ayrton Senna da Lewis Hamilton suka koyi tuƙi suna yara. Yaron tsere yake so. Maigidansa kuwa, dattijon da ya ga jiya ya ga yau, ya ce zai ba shi wuri da wuta in har abin zai iya ɗauko buhun tattasai biyu daga garka zuwa bakin hanya. A kan haka suka shirya.

Gangar jikin ba ta ba su wahala ba. Bututun ƙarfe, tayoyin baro huɗu, kujerar roba da aka yanke wa ƙafafu, kan keke a matsayin sitiyari. Wannan aikin mai walda ne na yau da kullum. Wahalar duk tana cikin tazarar da ba ta kai kamu biyu ba, tsakanin bakin inji da tayar baya. Na lura kuma duk lokacin da motar ta ƙi tafiya, 'yan kallo inji suke zargi. Wani ya ce a wanke kafireta, wani ya ce fulogi ne, wani ya ce ai ɗan Sin ba ya jan kaya. Har aka gama aikin nan ba a sami injin da laifi ko ɗaya ba.

Cikas na farko a bakin sandar injin yake. Injin da aka yi don famfo, ƙarshen sandarsa gajere ne kuma zare gare shi irin na noti, saboda fankar ruwa ake murɗawa a kai. Na janareta kuwa tsukakke ne, yana sirancewa zuwa baki. Kulocin da ake sa wa irin wannan mota miƙaƙƙiyar sanda yake so, mai kaurin milimita 19 ko 20, da ɗan kwari a jikinta inda ake cusa guntun ƙarfe ya kulle su tare. Yaron ya ɗauko abin walda zai liƙe su kawai, maigidan ya riƙe masa hannu. Zafin walda yana ƙona robar da ke tare baƙin mai, yana kuma iya karkatar da sandar, kuma ranar da kuloci ya mutu sai dai a jefar da shi har da injin. Sai suka kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe, ya yi musu hannun riga: ciki zare, waje sumul da kwarinsa.

Shi wannan kuloci, wanda wani direba ya taho musu da shi daga Kano, ba a taka shi da ƙafa. Kwano ne na ƙarfe, a cikinsa akwai takalma da sifirin ya ɗaure. Idan inji na silo, wajen juyi 1,400, takalman na tsuke, kwanon bai san ana yi ba. Da an ƙara totur juyi ya doshi 2,000, sai gudun juyawar ya watsa su waje su kama kwanon, kwanon ya ja sarƙa. Tsakanin fara taɓawa da kamawa sosai akwai ɗan lokacin da suke gogar juna, kuma a wannan lokacin ne zafi ke taruwa. An yi shi ne ya wuce wurin nan da sauri.

Ranar gwajin farko ina tsaye. Motar ta yi kuka, ta ɗan matsa da ƙyar, sai da yara suka tura ta sannan ta ɗauka. Ba ta kai ƙarshen layin ba wari ya tashi, kwanon kuloci ya yi shuɗi-shuɗi, yaron ya tofa masa yawu ya yi cuu.

"Kawu, kulocin nan jabu ne," in ji shi.

Na ce ya ƙirga mini haƙoran farantan. Ya durƙusa yana bi da yatsa: ƙaramin da suka liƙa a kwanon kuloci 14, babban na baya 41, duka na babur. Wato sai inji ya juya kusan sau uku taya ke juyawa sau ɗaya. A babur hakan daidai ne, domin kafin ƙarfi ya iso sarƙa ya riga ya bi ta giyoyi an rage masa gudu an ƙara masa ƙarfi. Nan kuwa babu giya ko ɗaya. Muka zana lissafin a ƙasa da tsinken walda. Tayar baro in ta juya sau ɗaya tana cin mita ɗaya da kwata. A juyi 3,600, wannan haɗin zai kai motar sama da kilomita 90 a awa, a kan takarda. Abin da ya fi muni, kulocin ba zai kama sosai ba sai motar ta kai wajen kilomita 50. Duk tafiyar da ke ƙasa da haka, goga kawai yake yi yana cin kansa. Kamar a ɗora wa jaki buhu huɗu ne a ce ya tashi da sukuwa.

Maganin a fili yake, a ƙara girman farantin baya. Amma farantin da zai isa sai ya kusa kai faɗin tayar, ya riƙa shara a ƙasa. Sai maigidan ya kawo dabarar sandar tsakiya: gajeriyar sanda a kan boris biyu, a bayan inji, da babban faranti a gefe ɗaya da ƙarami a ɗayan. Sarƙa ta farko ta taso daga 14 zuwa 41, ta biyu ta sake tasowa daga 14 zuwa 41. Ragi biyu ke nan, kuma ninka su ake yi, ba tarawa ba: inji ya juya sau takwas da rabi, taya sau ɗaya. Gudun ƙarshe ya sauko wajen kilomita 32, kuloci na kamawa tun kafin a kai 18, ƙarfin ja kuwa ya kusa ninkuwa uku. Yaron ya ɓata rai da jin 32. Da ya hau, gindinsa bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba, ga babu abin da ke shanye gargada, bai sake kawo maganar ba.

Ni dai da za a bi ta tawa, da bel aka sa a matakin farko, irin na injin markaɗe, da ƙaramin fuli a kan feda wanda in an taka ya ɗame bel ɗin, in an saki ya sassauta. Bel ba ya son mai, ba ya tara yashi, kuma in ya tsinke akwai shi a kowace kasuwa. Amma an riga an sayi kuloci, kuma ba kuɗina ba ne.

Daga nan sarƙa ta fara nata. Takan yi tafiya lafiya, da an sha kwana ko an faɗa rami sai ta zame. Dalili uku aka samu, kuma kowanne ya ɓoye a bayan ɗan'uwansa. Farantan ba su kalli juna sak ba. Maigidan ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar babban, sai ga ƙaramin ya kauce da kaurin ashana biyu. Aka gyara da washa. Sannan teburin da inji ke zaune a kai siriri ne, in an ba da wuta sai ya lanƙwasa ya matso, sarƙa ta yi sako-sako. Aka ƙara masa ƙarfe a ƙasa, aka tsaga ramukan notinsa dogaye don a riƙa ja da baya ana ɗamewa. Ana barin sarƙar da ɗan wasa, kamar faɗin yatsa in an danna tsakiyarta, domin in ta ɗame tamau boris take ci. Na ukun ya fi wuyar ganewa. Ɗaya daga cikin sarƙoƙin lamba 420 ce, farantan kuwa na 428. Tazarar gaɓoɓinsu ɗaya ce, milimita 12.7, shi ya sa ido ba ya raba su, amma 420 ta fi matsewa, ba ta zama cikin haƙoran har ƙasa, sai ta riƙa hawa kansu. Lambar na buge a jikin gaɓar, sai an goge datti ake ganinta.

Giris kuwa a ƙasarmu abokin gaba ne. Yaron ya lafta wa sarƙar shi don ƙauna, yashi ya manne, cikin 'yan kwanaki haƙoran suka fara kaifi suna lanƙwasa. Yanzu da kananzir ake wanke ta, a ɗiga baƙin mai kaɗan, a goge.

Sai rigimar tayoyin baya, wadda har yau ba a gama ta ba. Idan mota ta sha kwana, tayar waje ta fi ta ciki nisan tafiya. Manyan motoci na da kaskon giya a tsakiyar baya da ke raba musu wannan. Ƙaramar mota irin tamu zaɓi biyu gare ta. A ba taya ɗaya wuta, ɗayar ta bi: kwana sumul, amma da wadda ke ja ta faɗa yashi sai ta haƙa rami ta zauna. Ko a ɗaure su biyun a sanda ɗaya: ba ta kafewa da sauƙi, amma a ƙasa mai tauri ka murɗa kai ita kuma ta nace sai gaba, tayoyin na gurzar ƙasa. Suka zaɓi sanda ɗaya, don hanyar garka yashi ce da laka. Maigidan na neman kaskon bayan mataccen babur mai ƙafa uku na dakon kaya, ya ce ranar da ya samu za a sake zama.

Akwai wani abin da ya ɗaure wa kowa kai. Motar na cikin tafiya, da ta hau gangaren bakin garka sai inji ya ɗauke ɗif, a ja igiya ya tashi kamar ba shi ba. Injunan nan da yawa suna da na'urar da ke kashe wuta idan baƙin mai ya yi ƙasa. An yi ta ne don injin da ke zaune wuri ɗaya a bakin ruwa. Da aka karkata shi, man ya gudu gefe, ita kuma ta ɗauka ya ƙare. Masu gyara kan cire wayarta su huta. Maigidan ya yarda da haka bisa sharaɗin a duba mai kowace safiya. Abin da ya ƙi sam shi ne taɓa gwamna, wato abin da ke hana juyi wuce 3,600. Samari na son cire shi don ƙarin gudu, alhali faifan da ke juyawa a gefen injin zubin ƙarfe ne, ba a yi shi don wuce haka da nisa ba, kuma a bayan haƙarƙarin direba yake. Ya kuma sa aka rufe sarƙoƙin da gwangwani, saboda mu mutanen babbar riga da rawani ne, aka sa birkin babur a kan sandar baya, da makashin inji kusa da hannu.

Ba mu muka fara ɗora injin ban-ruwa a kan taya ba. A ƙauyukan Punjab da Haryana da Uttar Pradesh na Indiya manoma sun daɗe suna haɗa motar da suke kira jugad da injin famfo mai shan gas, tana ɗaukar hatsi da 'yan biki. Haɗurranta, musamman na rashin birki, suka yi yawa har Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke a 2013 cewa mota ce a idon doka, ba ta da izinin hawa titi ba rajista. Tamu ma ba ta taka kwalta. A jihar da aka daɗe ana tsayar da duk abin da ke da inji ana tambaya, babu mai son ya tsaya yi wa jandarma bayanin abin da ba shi da lamba ba shi da takarda.

Mu asalinmu N'Guelbély ne, can arewa da Maine-Soroa, ƙasar tuddan rairayi da rijiyoyi da makiyaya, kuma yanzu burin yaron ya kai ta can ta riƙa ɗaukar jarkokin ruwa. Na gaya masa tayar baro siririya ce, nutsewa za ta yi nan take. Sai mai faɗi, a rage mata iska. Amma taya mai faɗi galibi ta fi tsawo, kuma in tsawonta ya tashi daga santimita 40 zuwa 55, ƙarfin ja zai ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, kuloci ya koma goga. Don a dawo inda ake, ragin takwas da rabi sai ya kai kusan goma sha biyu, wato farantin ƙarshe ya tashi daga haƙora 41 zuwa 56. Irin wannan ba ya jikin baburan da ke garin, sai dai a yanka shi daga farantin ƙarfe a fiƙe haƙoran ɗaya bayan ɗaya, kuma mai sassaƙar ya ce sai bayan an gama kwasar tattasai zai sami sukuni.